Loma daga bakin Inna

Shekara biyu cikina yana ci da wuta. Na sha ruwan kanwa har harshena ya mutu, na bar yaji, na bar tsamiya, duk a banza. Ina tsaye gaban allo a lakkol, makarantarmu ta Mayahi, sai in ji kamar an ɗora mini garwashi a ƙahon zuci, in zauna, in tashi, in leƙa taga. Ni kuwa da ma haƙuri bai ishe ni ba.

Da aka yi mini gwaji a Maradi, dokta ya ce wata ƙwayar cuta ce ta maƙale a bangon cikina. Ya ce bangon yana da masu gadi tun haihuwa, da baƙo ya taɓa su sai su gane shi, su yi kururuwa, jiki ya aiko da mayaƙa. Ita kuwa ƙwayar ta shige cikin yauƙin ciki ta lafe. Ba ta fita, su kuma ba su daina faɗa, wurin sai kumbura yake. Na tambaye shi ina na samo ta. Ya ce galibi tun ana yaro ake ɗauka, ta ruwan sha ko ta yawun babba.

Tun daga tashar Maradi hankalina ya koma gida. Inna, mahaifiyata, ta baro Korgom ta zo rainon ɗiyata mai wata takwas, kuma kullum sai ta tauna nama ko dabino ta sa mata a baki, yadda ta yi mana mu duka. Ina tsoron a zuba wa yarinyar abin da ke cina, ina kuma jin nauyin Inna.

Kwana uku ina kewaye-kewaye. Na daka nama a turmi, na kawo ɗan cokali. Inna ta juya shi ta yi dariya.

"Mi cokali ya sani? Ƙarhe ne hwa, ɗiyar nan."

Rana ta huɗu na dawo da azahar, na tarar da ita a inuwa tare da maƙwabciyarmu, yarinyar a cinyar Inna, ta fito da tsokar kaza daga baki. Ban san lokacin da na fizge ɗiyata ba.

"Inna, ki bari! Bakinki na da cuta!"

Maƙwabciya ta nemi takalmanta. Inna ta daɗe tana duban lomar a tafin hannunta.

"Ku bakwai na tamna ma da bakin ga," ta ce a hankali. Ta jefa wa kaji.

Na so ta yi faɗa, ta ce za ta koma gida. Ba ta yi ba. Washegari na ga ta ɗaura jan zare a hannun moɗa guda, ta ajiye ta nesa da randa. Ta ware kwanonta. In yarinyar ta miƙa hannu za ta kama mata leɓe, sai ta kau da kai, ta ba ta yatsa. Na ba ta haƙuri, na kai tuwona gabanta na zauna. Ta ce in ci, ita ta ƙoshi. Kunya ta ishe ni.

Na sha magani mako biyu, cikina ya lafa. Inna ta yi wata huɗu a gidana ba ta ƙara sa hannu a kwanonmu ba. Ba a taɓa gwada ta ba, kuma har yau ban sani ba ko tana da ƙwayar.