Ranar da Na Tsaya wa Kwalbar Giya

Har gobe ba na mance ranar da ni, mai limancin ma'aikata a gidan saukar baƙi na Yelwa, na tsaya ina rantse-rantse a kan kwalbar giya. Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba, ina sito-kifa, wato duk abin da ya shiga ɗakin ajiya a wuyana yake.

Akwai wani Bature Ba'amurke mai binciken kifi a tafkin Kainji, muna ce masa Mai Tarwaɗa. Da zai tafi rangadi Wara sai ya miƙo mini kwalba a akwatin katako. Ya ce wiskin masara ne na ƙasarsu, burbon, ya shekara ashirin a gangar katako, kuma kwalabe kaɗan aka fitar, kowace da lambarta. Ni ya zaɓa don ya san ba na sha. Manaja kuwa ya ja mini kunne: in ta sami ko tsaga, a bakin aikina.

Ana nan sai ga duba-gari, Malam Sani Dogo, mutumin da ba ya dariya. Dokarsu ita ce duk kayan ci ko sha da suka wuce wa'adi a zubar a gabansa. Ya bi gwangwanayen madara da tumatir, sannan ya buɗe akwatin. Yana ganin shekara ashirin a jikin takardar kwalbar ya ce a kawo bokiti.

Wallahi nan da nan na sha gabansa. Na yi ta bayani cewa shi wannan tsufan ne darajarsa, amma ko kallona bai yi ba. Sai na kira kukunmu, Inna Rahila, Bakambara mai zuwa coci, wadda ta san kan burkutu, don ta ba ni shaida. Ashe na kira wa kaina! Ta ce burkutu ko kwana uku ya yi ya zama tsami, balle wannan.

Malam Sani ya kama murfi, ya dube ni sama da ƙasa.

"Liman, kai da ka ja muna salla, mi ya haɗa ka da wagga aba?"

"Ranka ya daɗe, amana ce. Kuma mai ita ya ce kuɗinta zai sayi jirgin ruwa da injinsa."

Nan take ya saki murfin. Ya miƙo mini kwalbar, na ce hannuna gumi yake yi. Ya miƙa wa manaja da ke tsaye a gefe, manaja ya ja da baya. Haka Malam Sani ya taka a hankali kamar mai ɗauke da jariri, ya mayar da ita akwati da kansa, ya fice ko ɗakin girki bai duba ba.

Da Mai Tarwaɗa ya dawo ya ji labari, ya yi dariya har da hawaye. Ranar bankwanarsa ya buɗe kwalbar, ya zuba wa Inna Rahila ɗan kaɗan. Ta kurɓa, ta yatsine fuska, ta ce ƙaurin itace kawai yake yi, duba-gari ya yi gaskiya, abin nan ya lalace tuntuni.

Ku sababbin ma'aikata, abin da na koya ke nan: sito-kifa ba ya zaɓen amanar da zai tsare. Ni dai na tsare tawa, ko da yake har na yi ritaya Malam Sani bai daina kirana Limamin Kwalba ba.