Kunyar Ɗan Fari

A unguwar Yelwa ta garin Mubi na haifi ɗana na fari, shekarar da aka jefa ƙuri'ar ko mu zauna a Nijeriya ko mu bi Kamaru. Maza na ta gardama a ƙofar gida, ni kuwa ko Mubin za a ɗauke a kai bangon duniya bai dame ni ba. Kwana biyu na yi ina naƙuda. Mahaifiyata ta rasu ina da cikin wata biyar, mijina kuma ya kora shanu kudu, sai bayan suna ya dawo. Uwarsa ce ta zo ta zauna da ni, Bafulatana mai tsari, Dada muke ce mata.

Da ungozoma ta miƙo mini jaririn na dube shi, ban ji komai ba. Wallahi komai. Kamar ɗan maƙwabta aka ba ni in riƙe kafin uwarsa ta dawo. Na kau da kai. Sai na ji Dada tana gaya wa ungozoma cewa ta yi dacen suruka, yarinya ta san kunya.

A wajenmu uwa ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, nono ma sai an matsa mata ta ba shi tana juya fuska. Sauran mata da ƙyar suke daurewa, da an fita sai su wawuro ɗansu. Ni ko an fita ba na wawuro kowa. Sai in zuba wa bango ido, hawaye na zuba, ban san abin da aka yi mini ba. Barci ya ƙi, kunun kanwa ya zama kamar ruwan toka a bakina. Safe da yamma Dada na fyaɗa mini tafasasshen ruwa da ganye, jiki ya gasu, abin da ke ciki yana nan sanyi ƙalau.

Masu zuwa barka kuwa sai yabo. Har 'ya'yansu mata suke kawowa su ga yadda ake kunya. Ni kaina na rikice. Wata rana in ce ƙila haka kunyar take daga ciki, kowace uwa haka ta ji, ba a dai faɗa ne. Wata rana in ce a'a, ni ce muguwa, Allah ya ba ni ɗa na rasa inda zan sa shi a zuciyata. Wadda zan tambaya tana kabari, yaron kuma kullum ƙara ramewa yake.

Akwai wata mata Kirista daga wajen Betso da ke kawo mana itacen wankan jego. Ran nan da hantsi Dada ta tafi gaisuwar mutuwa, yaron yana ta tsala kuka a kan gado, ina zaune a bakin ƙofa. Matar ta sauke itace, ta tsaya tana kallona, sannan ta wuce ni ta ɗauko shi. Da Hausarta ta mutanen dutse ta ce, "Babu kowa a gidan nan. Kunyar wa kake ji?"

Na hau ta da faɗa, don ni bakina bai taɓa mutuwa ba ko ina kwance. Na ce me ta sani a al'adarmu? Matar ta ci gaba da lallashin yaron. Ta ce ƙanwarta ta yi irin wannan zaman bayan haihuwa, har sai da aka tsamo ta daga mayo, wato rafi, daga nan ba su ƙara barinta ita kaɗai ba sai da abin ya sake ta. Ta jira Dada ta dawo ta gaya mata haka.

Dada ta ce mai itace ba za ta koya mata riƙon suruka ba, ta sauya mai kawo mana itace. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Daga ranar ta fara ɗura wa yaron madarar saniya, ta mai da shi shimfiɗarta. Ni ba ta tambaye ni komai ba. Har yau ban sani ba, rufa mini asiri ta yi ko ita ma ta kasa ganewa ne. Ranar arba'in ta ce in an yaye shi nata ne, kamar yadda aka saba. Ban hana ba, aka ce kunya. Sauƙi na ji, kuma sauƙin nan ya ba ni tsoro.

Yaron yana wata takwas abin ya sake ni, ba magani ba komai. Ina tankaɗe ya rarrafo ya kama zanina, sai son yaron nan ya taso mini gaba ɗaya. To, a yi yaya? Na riga na yi suna a unguwa, ido na kaina. Na ci gaba da kau da kai, yanzu kam da ƙyar. Aka yaye shi, Dada ta tafi da abinta. Ya tashi yana ce mini Adda, kamar wata yayarsa.

Shekarar da zai tafi makarantar kwana ya zo yi mini sallama, dogo, da sabon akwati. Ya zauna nesa da ni kamar yadda aka koya masa. Cikin jin daɗi ya ce, "Adda, Dada ta ce duk Yelwa ba a yi mai kunyarki ba. Wai ko ranar da aka haife ni ba ki kalle ni ba."

Na yi niyyar in gaya masa ba kunya ba ce a lokacin, sai na fasa. Na ce, "Haka ne." Ya yi murmushi, ya ɗauki akwatinsa.