Motar Yaya Ta Yi Shiru

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana a gadon asibiti, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Ya bar mata da 'ya'ya, ya bar ni ƙaninsa makanike, ya bar mahaifiyarmu Inna wadda idanunta suka daɗe da rufewa. Ya kuma bar tsohuwar motar ɗaukar kaya da ya ciyar da mu duka da ita.

Yaya, ni ba marubuci ba ne, sifana na sani. Amma akwai maganar da ke damuna, kuma ban ga wanda zan gaya wa ba sai kai.

Kai ka kama hannuna ka kai ni gareji bayan rasuwar Baba, ka ce wa maigidana in na yi wasa ya aiko maka. Unguwarmu kuwa babu gidan da motarka ba ta yi wa hidima ba. Mai tashi daga haya kai yake nema, mai mara lafiya ƙofarka yake bugawa. Ka taɓa ɗauko wa maƙwabciyarmu keken ɗinkinta daga wani gari, ka rufe shi da bargonka saboda ruwan sama, kai kuma ka dawo kana rawar sanyi. Da ta zo godiya, cewa ka yi keken ya fi ka tsada.

Abu guda ne ya riƙa haɗa mu faɗa: ƙarar motar nan. Akwai ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga jikin inji ya miƙa wa salansa, mu makanikai muna kiransa manifol. Notocin da suka riƙe shi tsatsa ta cinye su, wasu sun karye, gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakaninsa da inji, ya ƙone. Sai hayaƙi ya samu kafa, motar tana tafe tana tak-tak-tak kamar mai fama da shaƙuwa. Duk wanda ya ji ya san kai ne. Ni kuwa kunya take ba ni, a ce yayan makanike ne da wannan abu. Na yi magana har na gaji.

"Bar mini ita," haka kake cewa kana dariya. "Da ita Inna take ganina."

Gaskiyarka ce. Tun da idon Inna ya tafi, kunnenta ya zama ƙofar gida. Bayan la'asar za ta zauna a kan tabarma kusa da taga, kwanon abincinta a rufe a gefe, ba za ta taɓa shi ba. Kana karyo kwanar layinmu sai ka rage gudu, ka ɗan taka totur. Ita kuma ta ce, "Ga shi nan, a buɗe mini kwanon." Shekara da shekaru haka kuka yi, kai da ita.

Amma hayaƙin nan gidan gaba, inda direba ke zama, yake shigowa, kana shaƙa kana tuƙi. Sai da likita ya ɗaure maka fuska, matarka ta yi kuka, sannan ka kawo mini makulli kamar mai miƙa kansa ga hukuma.

Ba zan manta aikin nan ba. Kowace safiya sai ka zo da kanka ka ɗiga wa notocin man birki don su jiƙa, sannan ka koma kan benci kana tari kana ba ni umarni, kai da ba ka taɓa kwance inji ba. "Lallaɓa shi, kada ka yi masa ƙarfi. Tsoho ba ya son tsawa." Na lallaɓa, na gasa da wuta, na buga da guduma, duk da haka wasu suka gutsure a cikin inji. Sai da mai walda ya liƙa noti a kan guntayen muka samu suka juya. Fuskar manifol ɗin ta lanƙwashe, muka kai aka goge ta ta daidaita. Na sa sabon gaskit da sababbin notoci, na ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe. Tsofaffin kuwa na watsa su cikin tarin ƙarafa, masu saye suka kwashe.

Da muka tayar, injin ya kwanta luf. Na ji daɗin da ban taɓa ji a aiki ba. Na juyo, na ga ba ka dariya.

"Aiki ya yi kyau," ka ce. "To yanzu da me Inna za ta san na dawo?"

Na ce ka yi mata hon. Ka yi, ta ce kowace mota tana da hon. Sai ka koma shiga da sallama da ƙarfi kafin ta buɗe kwanon. Ba a jima ba ciwon ya kwantar da kai, domin gyaran ya zo a makare.

Yaya, mun gaya wa Inna ka rasu. Ta yi kuka, ta yi maka addu'a. Washegari bayan la'asar ta koma gindin taga ta ce ba ta ji motarka ba. Tsufa ya hana maganar zama a kanta. Mun sake gaya mata, ta sake yin kukan sabo fil, har matarka ta roƙe ni kada mu ƙara. Yanzu kwanon yana wuni a rufe. Sai an yi da gaske take kurɓar shayi. Zanenta ya fara yi mata yawa, kuma ina gani da idona tana tafiya.

Shekaranjiya na yi abin da babu makaniken da zai yarda ya yi. Na ɗauki sifana na sassauta notocin da na ɗaure da hannuna, na ɓantare gefen gaskit ɗin. Motar ta yi ƙara. Na tuƙo ta, na rage gudu a kwanar, na taka totur yadda kake yi, hawaye na hana ni ganin hanya. Matarka tana tsaye riƙe da murfin kwano. Inna ta karkata kai, ta saurara har na kashe inji.

"Wannan ba motar ɗana ba ce," ta ce. "Rufe, 'yata. Zan jira shi."

Na iya kashe waccan ƙarar da Inna ta sani, amma ban iya dawo da ita ba. Ban san abin da zan sake kwancewa ba, Yaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka, da maƙwabta, da 'yan'uwanka direbobi da suka raka ka makwanci. Allah Ya ba mu haƙuri. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Inna a addu'a. Yau ma tana gindin taga.