Gide Magini da Curin Man Shanu

A wani ƙauye da ke gefen Sheme aka yi Gide magini, mutum gajere mai faɗin tafin hannu, wanda maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Tun tasowarsa ƙasa yake kwaɓawa, kuma duk soron da ya rufa da azara, sai dai jikoki su gaje shi.

Da kuɗin fetur suka shigo, sai kowa ya haukace da kwano. Mai kaza biyu ma sai ya sayar ya rufa kwano, ya shiga ciki yana gasuwa yana murna. Ni dai abin nan har gobe haushi yake ba ni. Aikin Gide ya ja baya, har ya koma gyaran rumbu da katangar makwabta.

Ana haka gwamnati ta ware kuɗin gyaran tsofaffin gine-gine, rabon ya faɗo kan ɗakin shan maganin ƙauyen. Takarda ta ce a rushe rufin ƙasa a sa kwano, kuma za a turo injiniya ya duba wurin. Wannan soro kuwa shi ne aikin da Gide ya fi ji da shi a duniya, kuma shi kaɗai ya rage a bakin hanya inda baƙo zai gani. In ya faɗi, to sunan Gide ya faɗi. Kwana uku tuwo bai wuce masa ba.

Matarsa Talatu, mai sayar da man shanu, ita ce bakin gidan.

"Malam, mi za ka ce wa mutumen in ya zo?"

"Mi zan ce? Takarda gare shi."

"To kai ka yi shirunka da ka saba, ka bar ni da shi."

Injiniyan ya iso daga Kaduna ana tsakiyar bazara, rana ta take. Saurayi ne mai ladabi, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Talatu ta gaishe shi, ta buɗe ƙwarya ta nuna masa curin mai guda biyu, kansu ɗaya. Haka matan wurin ke gane ɗakin da ya cancanci ajiya: inda mai ya kwana bai narke ba. Ta sa ɗaya a tasa ta kai sabon ajin makaranta mai rufin kwano, ɗayan ta ajiye a cikin soron ɗakin shan maganin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi azahar tukuna."

Da aka sallame, jama'a suka bi injiniya zuwa aji. Man ya zama ruwa, har ƙuda biyu sun nutse a ciki. Aka dawo soro, ga curi nan zaune daram, shatin yatsun Talatu ma bai goge ba.

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zauna a kan daɓen, ya cire hula, ya ƙi tashi. Can ya dubi Gide ya ce, "Baba, takarda ta ce a sa kwano, ba ni da ikon hanawa. Amma in an ɗora shi a bisa soron, a bar tsakani iska na wucewa, soron zai ɗauka?"

Gide ya ɗaga kai ya dubi azara. "Zai ɗauki biyunsa."

Haka aka yi. Da kuɗin gwamnati Gide ya sake yaɓe, ya buɗe tagogi biyu ta inda iska ke shigowa, kafintoci suka ɗora kwano a sama kamar malfa. Ruwa ya daina cin rufin, zafi bai samu ƙofa ba. Kafin damina ta fita an zo da Landiroba an ɗauki Gide, yana zaune a gidan gaba, ya je ya yi irin wannan aiki a Faskari, daga nan Sabuwa. Talatu ta yi ta ba da labarin a kasuwa har masu sayen mai suka haddace.

Malamin asibitin ne kawai ya shiga uku, don da rana ta yi tsaka sai masu ƙoshin lafiya su cika masa ɗaki, kowa da ciwon kansa na ƙarya. Wata rana ya ɗago ya ga Gide kansa a layi, ya tsufa, yana dogara sanda.

"Baba, ina ke maka ciwo?"

Gide ya miƙe a kan daɓen, ya yi matashi da hannu, fuskarsa cike da murna.

"Ko'ina lafiya lau, ɗana. Shekara arba'in ina yi wa mutane inuwa, yau na zo in sha tawa."