Burujin Bazara da Muka Ƙirƙira a Shagon Caji

Shekarun baya, lokacin da nake zaman shagon cajin waya a Gaya, wani ɗan majalisarmu ya zo da hotunan barkwanci da ya gani a intanet. Wai watan da aka haife ka shi ke nuna halinka, wannan burujinsa zaki, wancan kunama. Muka ce bari mu duba namu. Kowa ya zaro katin shaidarsa, sai ga shi kusan dukkanmu ɗaya ga Janairu aka rubuta mana. Burujin ranar kuwa bunsuru ne: majalisa guda, duk bunsuraye.

Ni kuwa ba na iya barin abin dariya ya wuce. Na ce to mu yi namu burujin. Iyayenmu mata ba su riƙe wata ba, amma sun riƙe aikin gona. Wanda aka haifa lokacin cirar gyaɗa ya zama Ɗan Gyaɗa, marowaci, sai an fasa shi ake samun abin cikinsa. Ɗan Marka kullum cikin ƙorafi yake, ba ya ɗaukewa. Ɗan Kaka ci kawai ya sani. In mutum ya hana ka aron caja, sai a ce yau gyaɗancinsa ya motsa.

Akwai abokina ɗan Toranke, ɗan acaɓa. Ranar kasuwa shi ke ɗauko mata masu daddawa da kayan miya zuwa Gaya, kuma da wannan yake ciyar da gidansu. Muka tambaye shi, ya ce innarsa ta faɗa masa da bazara aka haife shi, rumbu ya yi ƙasa, rijiya ta ƙafe.

Na yi tsalle na ce, "Ɗan Bazara! Duk abin da ka taɓa sai ya bushe."

Ina da hotonsa yana tura babur, taya ta yi faci. Na rubuta a ƙasa, "Bazara ta iso, kowa ya rufe rumbunsa," na mai da shi sitika na jefa a guruf ɗin majalisarmu na waya.

Bayan kwana biyu ya tsaya a ƙofar shago, ko injin bai kashe ba. Ya ce, "Mutumina, ka goge abin nan. Ni da jama'a nake cin abinci."

Na ce, "Haba, bazaranci ne ke damun ka. Har wasan ma ya bushe maka?"

Aka yi dariya, ya ja babur ya tafi.

Daga wayoyinmu abin ya shiga wayoyin ƙannenmu, daga nan ya shiga cikin gidaje. Matan da yake ɗauka ba su san sitika ba. Abin da ya iso kunnensu shi ne, wadda ta hau babur ɗinsa ba ta ciniki. Sai ya tsaya a bakin hanya, su ce, "Je ka, ɗan nan, muna jiran wani." Kafin damina ta fita ya sayar da babur ɗin, ya tafi birni leburanci.

Da ya zo Sallah na same shi na roƙi gafara. Ya ce, "Na yafe maka. Amma ba ni za ka faɗa wa ba, su za ka faɗa wa."

Ranar kasuwa na je wajen wata tsohuwa mai daddawa, 'yar garinsu, na durƙusa. Na ce, "Iya, maganar Ɗan Bazara ƙarya ce. Ni na ƙirƙire ta a shagon caji."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kai ɗin nawa kake? Tun kakanninmu an san haihuwar bazara ba ta da albarkar kasuwa. Tashi ka ba ni wuri, kana tare min masu saye."

Na tashi. Har yau abokina bai dawo acaɓa ba, muna gaisawa ne kawai a waya. Abin da ke ci min rai shi ne, na rantse wa mutane cewa ƙarya na yi, an rasa mai gaskata ni. Ranar da na yi ƙaryar kuwa ko shaida ba a nema ba.