Lemun Tsami a Ƙasar Aro

Ranar da mai amalanke ya juye mini lakar bakin kogi a tsakar sabon gidana, warinta ya tsayar da ni cak. Wari ne na ruɓaɓɓiyar ciyawa da kifi, wanda duk ɗan Gaya ya sani idan ruwa ya fara janyewa. Maigidana yana toshe hanci, yana cewa da ma na bari an shafe wurin da siminti kowa ya huta. Ni kuwa tuni na koma ƙaramar yarinya, ina bin Kaka da kwando a ka.

Kaka ita ce ta haifi babana. Da mijinta ya rasu, gonakin gida suka koma hannun ƙanensa, wani dogon mutum mai son a gaishe shi har ƙasa. Da ta nemi inda za ta shuka ganyen miya, sai ya ara mata wani ɗan fako a bayan gari, kan hanyar kogi. Jar tsakuwa ce zalla, ko akuya ba ta ɓata lokacinta a wurin. Amma sai da ya cika majalisa da labarin ya taimaki matar yayansa.

Ka san abin da tsohuwar nan ta yi? Da sanyi ya shigo, ta sa mu jikokinta ɗibar laka daga bakin kogi. Ta haɗa ta da kashin awaki da tokar murhu da ɓawon gyaɗa, ta bar su suka ruɓe. Ta yi shinge da karan dawa. Fasassun tuluna da mata suka yar, ita ta tsince su ta binne har wuya a tsakanin shuka, muna cika su da ruwa, suna tsatsafowa a hankali ko rana ta kai yaya. Kafin damina ta zagayo ƴan lokuta, wurin ya zama garka mai baƙar ƙasa. Yakuwa da kuɓewa da tumatir har sai mun kai kasuwa.

Sai wata ƙanwarta ta kawo mata ɗan dashen lemun tsami daga tsallaken gada. A wajenmu, wanda aka ara wa ƙasa yana shuka abin da zai girbe cikin shekara, amma ba ya dasa itace, don dasa itace cewa ne ka zo zama. Kaka ta san haka sarai. Sai dai a ganinta ƙasar uban ƴaƴanta ce, kuma guminta ne ya mai da ita ƙasa. Ta dasa shi a kusurwar gabas, tana ba shi ruwan alwalarta.

Wata rana da hantsi sai ga ƙanen mijin nata, da mutanen majalisarsa a baya. Ina tsaye ya kama lemun nan da hannu ɗaya ya tumɓuke, ya karya shi a gwiwa, ya jefa bayan shinge. Ya ce da zarar ta kwashe tumatirinta yana son wurinsa, albasa zai sa. Har yau ban manta da ƙarar karyewar nan ba. Shi ma kakana ne, jika da kaka kuwa wasa suke, amma daga ranar ban sake yi masa wasa ba.

Kaka ta jira ta tsinke tumatirinta na ƙarshe, sannan ta tara mu da matan unguwa, kowa da kwando da fartanya. Muka yi ta kwasar baƙar ƙasar nan muna kaiwa gida, har jar tsakuwa ta sake bayyana. Tulunan ma sai da ta tone. Muna cikin kwandunan ƙarshe ya iso yana haki, yana tambayar wace irin hauka ce wannan.

Ta karkaɗe zanenta, ta ce, "Fako ka ara mini, Malam. Ga fakonka nan, a yi albasa lafiya."

An yi shekaru ana dariyar wannan magana a bakin rijiya, albasar kuwa ko ɗaya ba ta fito ba. Amma kada ka ɗauka Kaka ta huce. Ba ta sake samun garka ba. A tsofaffin kwanoni da robobi ta ƙarasa shukarta a bayan ɗaki, kuma har ta rasu ba ta yarda an sa mata lemun tsami a koko.

Yanzu gari ya ci wurin. Da aka yanka filaye, ƙanen kakan nawa ya sa nasa a kasuwa ta hannun dillali, bai damu da sanin mai saye ba. Ni ce. An nuna mini filaye masu kyau kusa da kwalta, na ce wannan fakon nake so. Da magina suka gama, suka bar mini tarkacen bulo da busasshen siminti, na sa aka kwashe da buruweti, wato baro, na bi hanyar Kaka tiryan-tiryan: laka, taki, toka, tuluna a binne. Abin da na ƙara kawai shi ne tiyo daga wurin alwala zuwa kusurwar gabas, inda na dasa lemun tsami.

Ranar addu'ar shiga gida na aika musamman aka ɗauko tsohon. Ya tsufa tukuf, idanun sun dushe, amma hankalinsa garau. Na sa aka shimfiɗa masa tabarma dab da dashen. Da aka shafa fatiha, na durƙusa, na kama hannunsa na ɗora a kan ganyen. Ya murza, ya sansana.

Na ce, "Kaka, a sa wa itacen nan albarka. Wannan karon ba aro ba ne."

Jama'a na jira, ba yadda zai yi, ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya raya shi, kowa ya ce amin. Nawa amin ɗin ya fi na kowa ƙarfi.

Maigidana ya ce ban kyauta ba, mutumin ƙafarsa ɗaya a kabari. Ƴaƴana kuma ba su ma gane abin da ya faru ba, su da suka tashi a zamanin da takarda ke ba mutum ƙasa, ba wanda ke kallon abin da ka dasa. Na san yafiya ta fi lada, kuma ina roƙon Allah ya kai ni can. Bai kai ni ba tukuna. Bana itacen ya fara ƴaƴa, kuma na riga na gaya wa mutanen gidan nan kada wanda ya taɓa na farko, don ni da kaina zan kai wa tsohon har ɗakinsa.