Kaset ɗin da Aka Naɗi Biki a Kansa

Kakata Inna Yalwa ba ta iya ƙarasa tatsuniya ba. Haka muka ɗauka muna yara a Gwandu, farkon shekarun tamanin. Bayan magariba, in an gama cin tuwo, mukan kewaye murhu, ita tana kan 'yar kujerarta tana ɓarar gyaɗa a faifai. A maƙwabta ana ba da labarin kura da dodanni, a daki mugu har sai ya daina motsi. Namu labaran kuwa na mutane ne irin waɗanda muke gani a kasuwa, kuma takan tsaya daidai inda rai ya fara so.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta masunci da makiyayi. Shanun makiyayin suka tattake tarun da masuncin ya shanya a bakin gulbi, aka yi cacar baki, suka shekara bakwai ba sa gaisawa. Sai aka yi fari. Wata safiya makiyayi ya tarar da busasshen kifi rataye a jikin itacen ƙiryar da ke ƙofar rugarsa. Bayan kwana biyu masunci ya tarar da ƙwaryar nono a cikin kwalekwalensa. Nan Inna ta karkaɗe zaninta ta ce ta gama.

Na tambaye ta ko sun shirya, wa kuma ya fara ba da haƙuri.

"Maigidana," in ji ta, don haka take tsokanata, "mi kaka so in ƙara? Sun ci, sun sha."

Na tashi da fushi na bar mata gyaɗarta.

Shekara goma sha biyar bayan nan ina aiki a Kalgo, ni ne magatakardan wani kwamitin gyaran rijiyoyi. Wata Laraba muka yi taro uku a jere a kan rijiyar wani ƙauye ta wajen Diggi, wadda ta rufta tun damina. Na farko ya ƙare a kan wa zai shugabanci zaman. A na biyu kowa ya yi jawabi a kan muhimmancin ruwa. A na uku aka naɗa ƙaramin kwamiti. Wani dattijo daga ƙauyen ya wuni a kan benci a waje yana jiran amsa, ni aka tura in ce masa ya dawo mako mai zuwa. Ya dube ni, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya tafi.

Na isa gida kaina na sarawa, na tarar matata Asabe ta aro kaset a shagon Ɗanjuma. Fim ɗin farko ne na wani saurayi da ba wanda ya san shi. Ba waƙa, ba faɗa. Wani matashi ya dawo gida daga birni hannu wofi, bayan an sayar da gona an ba shi jari. Na gyara zama ina jiran uban ya zazzaga masa masifa. Tsohon ya ɗago ya gan shi. Ya matsa gefen tabarma, ya tura masa akushi, sannan ya juya baya yana gyaran ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta, don yaron ya samu ya ci ba ido a kansa.

Asabe ta yi tsaki ta ce an cuce ta, fim ne ko zaman makoki. Ni kuwa ban ɗauke ido daga talabijin ba. Na wuni cikin mutanen da suka yi magana har muryoyinsu suka dishe ba a ɗaga ko bulo ɗaya ba, ga wani ya yafe wa ɗansa gona guda da akushin tuwo. A nan na gane Inna ta daɗe da ƙarasa labarinta, ni ne nake jiran jawabi. Ta rasu shekara huɗu kafin ranar, babu wanda zan je in gaya wa.

Ana saura kaɗan fim ya ƙare aka ɗauke wuta. Da safe Asabe ta mayar da kaset, ni kuma wasu tarurrukan suka riƙe ni, sai Asabar na samu zuwa shagon. Ɗanjuma ya ce ai wannan ba mai aronsa, jiya ya naɗi bikin ƙanwarsa a kai. Na tambayi sunan wanda ya shirya shi, ya ce kwalin ma ya yar.

Duk da haka na karɓo. Na zauna ni kaɗai ina tura bikin gaba, 'yan rawa suna ta tsalle da sauri, har hoto ya yi yayyafi. Sai ga ragowar fim ɗin, bai fi minti biyu ba. Gari ya waye, tsohon yana tafiya ƙwadago gonar wani, ɗan na biye da shi a baya. Da suka kai kan kunyar gonar, uban ya miƙa masa fartanya ba tare da ya waiwayo ba. Na mayar baya na sake kallo har sau huɗu, shayin da Asabe ta ajiye mini ya huce.